Xanathar, Tasha ko littattafan da ke tafe: wanne ya cancanci kuɗinka?

Kusan duk lokacin da kamfanin Wizards of the Coast ya sanar da sabon littafin ƙari na wasan Dungeons & Dragons, wasan da ake zama a tebur kowa ya ɗauki matsayin jarumi cikin labarin da jagoran wasa ke bayarwa, muhawara ɗaya ce ke tashi. Mutum zai duba jerin abin da ke cikin littafin, ya ci karo da sunayen da ya daɗe da sani, wasu ma suna nan cikin littafin da ya saya shekarun baya, sai ya ce: ashe abin da na mallaka za a sake sayar mini? Ƙorafin yana da tushe, amma shi kaɗai bai isa ya hana ka saye ko ya sa ka saya ba. Akwai maimaicin da ya fi sabon abu amfani, akwai kuma wanda cika shafi ne kawai. Abin da zai raba maka su yana kan teburin da kuke wasa: tsofaffin dokokin wasan na bugun 2014 kuke bi, ko sababbin na bugun 2024?

Abin da aka fi maimaitawa shi ne zaɓin da ɗan wasa ke yi yayin gina jaruminsa. Akwai aji, wato sana'ar jarumin, kamar Fighter ko Wizard ko Cleric. Akwai reshen aji, wanda shi ke bambanta mayaƙin wancan ɗan wasa da naka. Sai jinsin halitta, sai sihirce-sihirce, sai baiwa ta musamman da ake ɗauka a wasu matakai. Rassan aji su ne ke sayar da littafi, don haka a kansu aka fi yin cacar baki.

Maimaici ba yau ya fara ba. Xanathar's Guide to Everything da ya fito a Nuwamban 2017 yana ɗauke da rassa 31, huɗu daga ciki an ɗebo su ne daga Sword Coast Adventurer's Guide na 2015: Mastermind, Swashbuckler, Sun Soul da Storm Sorcery. Sihirce-sihirce da dama na cikinsa kuma sun riga sun fito a wata ƙaramar takarda ta kyauta da kamfanin ya saki a 2015. Tasha's Cauldron of Everything na Nuwamban 2020 ya ƙara gaba: cikin rassa 30, takwas tsofaffi ne. Ya kwaso Order da Spores daga littafin Ravnica, Eloquence da Glory daga na Theros, Bladesinging daga na Sword Coast, sannan ya ɗauko ajin Artificer ɗungurungum da rassansa uku daga littafin Eberron na 2019, ya ƙara masa na huɗu mai suna Armorer. Monsters of the Multiverse na 2022 kuwa kusan duka gyararren tsohon kaya ne: jinsunan halitta 33 da dodanni sama da 250, akasarinsu daga Volo's Guide to Monsters na 2016 da Mordenkainen's Tome of Foes na 2018.

Dalilin kasuwanci a bayyane yake, ba sai an ɓata lokaci a kansa ba. Amma akwai wasu dalilai biyu da suka shafi ɗan wasa kai tsaye. Na farko, rassan suna warwatse cikin littattafan duniyoyi daban-daban. Wanda ke son Circle of Spores kawai, ba shi da sha'awar birnin Ravnica da ƙungiyoyinsa goma, da sai ya sayi littafi guda saboda shafi ɗaya ko biyu. An kuma shafe shekaru wasannin Adventurers League, waɗanda kamfanin ke tsara musu dokoki, ba sa barin ɗan wasa ya gina jarumi daga fiye da babban littafin 'yan wasa, wato Player's Handbook, da littafi ɗaya na ƙari. A irin wannan tsari, tattara abubuwa wuri guda taimako ne na gaske. Dalili na biyu shi ne gyara, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin suna ɗaya ba ya nufin doka ɗaya.

Ɗauki Bladesinging, reshen Wizard mai riƙe takobi. A bugun 2015 an keɓe shi ga jinsin elf, kuma jarumin na iya tada waƙar takobinsa sau biyu, ya sake samun su bayan gajeren hutu ko dogo. A bugun 2020 an cire shingen jinsi, an ɗaure adadin da makin ƙwarewa, wanda ke ƙaruwa yayin da jarumi ke hawa mataki, sannan ba ya dawowa sai bayan dogon hutu. Ka ƙaddara jarumi yana mataki na uku, ƙungiyarsa kuma tana yin gajeren hutu biyu a yini. Da tsohuwar doka zai iya tada waƙar har sau shida kafin dare, da sabuwa sau biyu ne kacal. A ɗaya ɓangaren, sabon bugun ya ba shi abin da tsohon bai ba shi ba: daga mataki na shida yana iya musanya ɗaya daga cikin saransa biyu da ƙaramin sihiri, irin wanda ba ya ƙarewa. Yanzu ka sa 'yan wasa biyu a tebur ɗaya, kowa da littafinsa a hannu, an shiga faɗa na uku a yinin, ɗaya ya ce waƙarsa ta dawo tun da suka huta a bakin kogo, ɗayan ya buɗe shafinsa ya ce ba haka aka rubuta ba. Dukkansu gaskiya suke faɗa. Jagoran wasa ne zai tsayar da labari ya yanke hukunci, alhali da an yi maganar tun zaman farko da ba a kai ga haka ba. Shi ya sa nake ganin tambayar "akwai maimaici a ciki?" ba ta kai "me aka canza a cikin maimaicin?" muhimmanci ba.

To, mu zo kan zaɓin. Idan ƙungiyarku tana nan kan dokokin 2014, kuma littafi ɗaya za ka iya saya, Tasha nake ba da shawara, duk da ya fi Xanathar yawan maimaici. Dalilina shi ne Tasha ya taɓa tushen ajin kansa, ba rassa kaɗai ba. Ya kawo zaɓaɓɓun gyare-gyare ga kowane aji, kuma wanda ya fi cin moriya shi ne Ranger, ajin da mutane suka daɗe suna kuka da rauninsa a bugun 2014. An ba shi madadin waɗancan baiwar da ba sa aiki sai a irin ƙasar da ya zaɓa ko a kan irin abokin gaban da ya zaɓa, an kuma sake wa Beast Master dabbar da ke binsa ta yadda za ta yi faɗa ba tare da ta cinye masa nasa aikin ba. Rogue ya sami Steady Aim, baiwar da ke sauƙaƙa masa samun abin da ya kai wa hari idan bai motsa ba. Sannan ga dokar da ta bar ka ka ɗauke ƙarin makin da jinsi ke bayarwa ka kai shi inda kake so, ta yadda dwarf zai iya zama Wizard ba tare da ya fara a baya ba. Waɗannan abubuwa ne da kowa a tebur zai amfana da su, ko da bai taɓa reshe ɗaya daga littafin ba.

Sai dai jagora ya shiga da ido buɗe. Rassa biyu na Cleric a Tasha, Twilight da Peace, suna da ƙarfin da ya zarce na tsofaffin. Twilight na rarraba wa duk abokan da ke kusa ƙarin lafiya ta wucin gadi a ƙarshen kowane juyi nasu, har faɗan da aka tsara ya tsorata 'yan wasa ya koma ba komai. Ba na cewa a haramta su, amma a zauna a yi magana kafin wani ya gina jarumi a kansu.

Xanathar ƙarfinsa a wani wurin yake. Rassansa sun fi yawa, sababbinsa 27 ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda har gobe ake so: Hexblade, Gloom Stalker, Samurai, Cavalier, Divine Soul. Ga jagora kuma akwai shafukan da ba a cika yabawa ba alhali su ne ake komawa gare su: me kayan sana'a ke iya yi a cikin wasa, yadda jarumai ke cin lokacinsu tsakanin tafiya da tafiya, tarkuna, ƙananan kayan sihiri, jadawalin tarihin rayuwar jarumi da dogon jerin sunaye. Ranar da 'yan wasa suka tsayar da wani mai gadin ƙofa da ba ka shirya masa komai ba suka tambaye shi sunansa, za ka gode wa wancan jerin.

Idan kuwa kun koma dokokin 2024, lissafin ya juye, kuma nan ne mutane da yawa ke yin sayen da ba su buƙata. Sabon Player's Handbook na Satumban 2024 yana da aji 12, kowanne da rassa huɗu, jimilla 48. Uku ne kawai sababbi fil: World Tree na Barbarian, Dance na Bard da Sea na Druid. Guda 33 daga tsohon babban littafin suke, huɗu daga Xanathar, takwas daga Tasha. Daga Xanathar an ɗauki Zealot, Glamour, Gloom Stalker da Celestial. Daga Tasha an ɗauki Stars, Psi Warrior, Mercy, Glory, Fey Wanderer, Soulknife, Aberrant da Clockwork. Ba rassa kaɗai ba, yawancin abin da ya sa na fifita Tasha a sama an narkar da shi cikin sabon littafin: Steady Aim ya zama na kowane Rogue, sihirce-sihircen kiran halittu irin su Summon Beast da Summon Fey sun shigo, baiwa irin su Fey Touched, Telekinetic da Crusher ma haka. Ƙarin maki ya bar jinsi gaba ɗaya ya koma kan tushen jarumi, wato rayuwar da ya fito daga ciki kafin ya shiga labarin, don haka dokar Tasha ta sauya masa wuri ba ta da sauran aiki. Mai sabon littafi da ya sayi Tasha, kaso mai tsoka na kuɗinsa ya tafi ne a kan tsohon fasalin abin da yake da shi. Abin da ya rage masa na gaske shi ne rassa 22, da dokokin mataimakan jarumai, da iyayen gidan ƙungiya, da 'yan wasanin gwada ƙwaƙwalwa. Xanathar kuwa rassa 27 ne nasa da ba su shiga sabon littafin ba. Ga teburin 2024, shi ya fi sauran nama a jiki.

Amma fa a nan ma da sharaɗi. Kamfanin ya ce tsofaffin rassa suna aiki da sababbin dokoki, kuma a mafi yawan lokuta haka ne. A da Cleric, Sorcerer da Warlock suna zaɓen reshe a mataki na ɗaya, Druid da Wizard a na biyu. Yanzu kowa a na uku, sai kawai a ɗaga baiwar farko zuwa can. Wannan ba wuya. Wuyar tana wurin rassan da aka gina a kan wata doka da ta canza. Circle of the Shepherd na Xanathar an tsara shi ne don ƙarfafa dabbobin da Druid ke kira, alhali a 2024 sihirin Conjure Animals ba ya ƙara kawo kyarketai takwas da kowanne ke da nasa juyi, wani gungun ruhohi ne da ke cutar da wanda ya matso kusa. Rabin abin da reshen ke taƙama da shi ya rasa inda zai sauka. Hexblade ma haka: babban abin jan hankalinsa shi ne sara da makin kwarjini maimakon ƙarfi, yanzu kuwa duk Warlock da ya ɗauki Pact of the Blade yana samun wannan. Saboda haka kafin ka sayi Xanathar don reshe guda, karanta reshen gefe da gefe da sabon ajin, ka ga ko har yanzu abin da ka ƙaunata yana nan.

Monsters of the Multiverse shari'arsa gajeriya ce. Wanda ba shi da Volo da Tome of Foes, kuma yana son jarumi tabaxi, kenku, firbolg ko genasi, wannan ne littafinsa, ko wane bugu yake bi, domin sabon babban littafin jinsuna goma kawai ya ƙunsa. Wanda ke da tsofaffin biyun kuma ya sani cewa zai sami dokoki masu tsafta amma ya rasa labari. Dogayen babuka kan rayuwar beholder, ƙattai da yaƙin shaiɗanu ba su biyo ba. An kuma sauya halayen wasu jinsunan sosai: kobold ya rabu da Pack Tactics da raunin hasken rana, aarakocra ya sauko daga gudun tashi na ƙafa 50 zuwa daidai da tafiyarsa. Ni dai ba zan rabu da Volo ba saboda waɗancan babukan, ko da dokokinsa sun tsufa.

Yanzu ga littattafan da ke tafe. Hanyar da kamfanin ya ɗauka ta fito fili a ƙarshen 2025. Heroes of Faerûn ya zo da rassa takwas, uku daga ciki tsofaffin sanannu ne da aka gyara su dace da 2024: Knowledge na Cleric, Banneret da Bladesinger, wanda wannan ne fitowarsa ta uku. Forge of the Artificer ma ya sake kawo Artificer karo na uku, da sabon reshe mai suna Cartographer. Sabon babban littafin ya bar rassa bakwai na 2014 a baya, uku na Cleric da huɗu na Wizard, ban da tarin na Xanathar da Tasha. Knowledge ya riga ya dawo, kuma takardun gwaji na Unearthed Arcana na 2025 sun nuna gyararrun Hexblade, Grave da Necromancer. Mai hankali zai yi tsammanin cewa littattafan 'yan shekaru masu zuwa za su riƙa zuwa da gauraye, wani kaso sabo, wani kaso tsohon da aka sabunta.

Ga teburin 2024 wannan labari ne mai daɗi, kuma shi ne hujjar da ta fi ƙarfi a kan a jira. Idan reshen da kake so ya riga ya bayyana a takardun gwaji, sayen tsohon littafi saboda shi yana nufin za ka biya sau biyu, domin ƙa'idar da aka shimfiɗa ita ce idan an sabunta abu, sabon ake ɗauka. Ga teburin 2014 kuwa akasin haka ne. Sababbin rassan an ɗinka su ne a kan sababbin azuzuwa, da ƙwarewar makamai da baiwar tushe da babu su a tsohon bugu. Mayar da su baya aiki ne da zai faɗa kan jagora. Idan ba ku da niyyar sauyawa, littattafan da ke tafe ba don ku aka rubuta sashen 'yan wasansu ba, sai dai ku saye su don taswira, labarin ƙasashe da dodanni.

Wannan ya kawo bambancin da nake ganin ya fi kowanne amfani wajen yanke shawara, tsakanin littafin tattara dokoki da littafin duniya. Littafin duniya, irin na Eberron ko Forgotten Realms, darajarsa tana cikin wurin da yake kai ka: birane, ƙungiyoyi, rikicin siyasa, abin da zai sa 'yan wasa su so komawa. Idan za ku yi wasa a can, saya ba tare da ƙirga rassa ba. Idan ba za ku je ba, tarihi ya nuna cewa rassa masu farin jini sukan fito daga baya a littafin tattarawa. Artificer shekara ɗaya kawai ya yi a Eberron kafin ya bayyana a Tasha. Eloquence da Glory ko shekara ba su cika ba. Ba kowanne ke samun wannan sa'ar ba, Battlerager da Long Death na Sword Coast misali ne na waɗanda Xanathar da Tasha suka tsallake, amma mai haƙuri ya fi yawan cin riba a nan.

Wani abu da ya ƙara wa zaɓin nauyi shi ne sauyin da aka yi a D&D Beyond, dandalin intanet da Hasbro, uwar kamfanin, ta saya a 2022. A da kana iya sayen reshe ɗaya ko jinsi ɗaya daga cikin littafi. A 2024 aka rufe wannan hanyar, aka koma sai littafin duka. Abin da ya rage shi ne rabon littattafai: idan mutum ɗaya a ƙungiya yana da babban rajistar dandalin, sauran da ke cikin wasansa suna iya amfani da abin da aka saya. Ƙungiyar mutum biyar ba ta buƙatar Tasha biyar. Kafin kowa ya saya, ku zauna ku ga wa ke da me.

Masu wasan Pathfinder, wani wasan tebur irin wannan, sun bi ta irin wannan hanya, amma nauyinta bai kai haka ba. Bayan rikicin Janairun 2023 kan lasisin OGL, wanda ke ba wasu kamfanoni damar amfani da dokokin D&D, kamfanin Paizo ya sake fitar da bugu na biyu na wasan a gyare: Player Core a Nuwamban 2023 da aji takwas, Player Core 2 a 2024 da wasu takwas. Duk azuzuwan tsofaffi ne daga babban littafin 2019 da Advanced Player's Guide na 2020, wasu kamar Witch, Oracle da Alchemist an yi musu gyara mai zurfi. Bambancin shi ne dokokin Pathfinder suna nan kyauta a shafin Archives of Nethys da izinin kamfanin, don haka mutum na iya karanta tsoho da sabo ya kwatanta kafin ya fitar da ko sisi. Wanda maimaici ke ƙona wa rai sosai, wannan tsarin ya cancanci ya sa shi a ma'auni, ko da yake sauya wasa gaba ɗaya shawara ce ta ƙungiya, ba ta mutum ɗaya ba.

Ga littafin D&D da bai fito ba tukuna, kada ka yi odar sa da wuri saboda hoton bango. Jerin abin da ke ciki yakan bayyana kafin ranar fitowa. Ɗauki takarda ka raba rassan gida uku: waɗanda ba ka da su, waɗanda kake da su amma an canza musu doka, da waɗanda aka kwafo yadda suke. Gida na uku kaɗai ne asara. Ka kuma tuna cewa abin da ka gani a takardun gwaji yakan canza kafin ya shiga littafi, wani ma ba ya shiga sam. Sannan ka tambayi jagoran wasanku ko zai karɓi littafin a teburinsa, da kuma wane bugu zai bi idan biyu suka yi karo. Idan jarumin da kake bugawa yanzu yana tsakiyar dogon labari, mai yiwuwa sai bayan watanni za ka gina wani, kuma zuwa lokacin waɗanda suka riga ka saye sun gwada rassan a tebur, an san wanne ya yi ƙarfi fiye da kima, wanne kuma bai kai yadda aka zata ba.